Talatar masunta, da gudun da ya rage mini a bakin tekun Akra

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da asuba. Ku yi haƙuri da duhun nan, fitilar layinmu ta kwana biyu a mace, sai dai ku ji murya kafin gari ya waye. Yanzu muka fito daga masallaci, biyar da rabi ta ɗan gota a nan Sabon Zango. Ku mutanen Kano da Maraɗi shida da rabi ke nan, kullum kuna gabanmu da awa guda. Yau Talata, kuma da gangan na zaɓe ta. In mun isa bakin ruwa za ku ga dalili.

Bari in haska muku takalmin. A Kantamanto na saye shi, gwanjo, tun kafin gobarar da ta cinye kasuwar a farkon Janairun 2025. Wanda ya fara sa shi can ƙasar Turawa, da alama ƙafarsa ta dama ta fi ta hagu cin ƙasa, ga diddigen nan a karkace. Wato tafiyar wani bawan Allah da ban taɓa gani ba na gada. Ya kusa ritaya dai, amma har yau bai ba ni kunya ba.

Dattijon nan da kuka ji na gaisar a ƙofar masallaci, ranar da ya fara ganina da wandon motsa jiki ina sassarfa, tsayar da ni ya yi. Ya ce, "Alhaji, lafiya? Wa ya biyo ka?" Na ce, "Baba, likita ne." Ya ce, "To ka tsaya ka biya shi kuɗinsa mana!" Ban ga laifinsa ba. A wurinmu magidanci mai furfura a gemu ba ya gudu sai in gobara ta tashi ko an yi ihun ɓarawo. Ko sallah ce za ta kuɓuce maka, cewa aka yi ka taho da natsuwa. Amma in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Nawa sa gudun ta cikin jijiya ya ɓullo mini.

Zan jefa wayar a aljihu har in wuce asibitin Korle Bu, don titin akwai ramuka, kuma direbobin trotro na asuba, wato motocin haya na nan, ba sa ganin kowa sai fasinja.

To, alhamdu lillahi. Ku saurara kafin in ce komai.

Kun ji? Shi ke nan, haka yake dare da rana, ba ya shiru. Nan Korle Gonno ne. Ku bar ni in mayar da numfashi. Wannan rigar da kuke gani sharkaf, kilomita uku kacal na yi. A Kano in ka yi gumi iska ta busar da shi nan take, jiki ya huce. Nan iskar da kanta a jiƙe take, gumin ba shi da inda zai tafi, sai ya zauna maka a jiki kamar an watsa maka ruwan ɗumi. Na daɗe ina zaton rashin ƙarfi ne ya sa nake saurin galabaita, ashe har da wannan.

Ba zan yi muku ƙarya in nuna muku gefen da ya fi kyau kawai ba. Ku duba ƙasa. Ledar ruwan sha, gorar lemo, silifa wari guda. Wannan abin da ya yi kama da jijiyar bishiya a binne cikin yashi, tsummokara ne. Ragowar gwanjon da bai sayu ba, ruwan sama ya kwaso shi ta kwata ya zuba a teku, teku ya murɗe shi kamar igiya ya tofo mana. Wata rana na gwada jan ɗaya, na kasa ko motsa shi. Ni da nake sanye da takalmin gwanjo ba ni da bakin yin dogon wa'azi, amma abin yana ci mini rai. Masu kuɗi can Labadi suke zuwa, a biya kuɗin shiga, a hau doki, a sha kiɗa. Mu nan ne namu, kuma ko kobo ba a karɓa.

Yau mun yi sa'a ruwa ya janye. Sau biyu a yini yake cika ya janye, kuma lokacin yana matsawa gaba kaɗan kullum, wata ne ke jan sa. In ya janye sai ya bar wannan jiƙaƙƙen yashin mai tauri, shi ake bi. Busasshen na sama, in ka shige shi da gudu, minti biyar sha-raɓarka ta kama wuta. Sannan gaɓar a karkace take, ƙafar da ke wajen ruwa kullum tana ƙasa da 'yar'uwarta. Na yi wata guda ina fama da gwiwar dama kafin wani yaro ɗan dambe ya ce mini, in ka tafi ta nan, to ka dawo ta nan, kowace ƙafa ta ɗanɗana.

Shiga ruwan kuwa, a'a. Iyakata idon sawu. Ruwan nan yana da wata hanya da yake komawa ciki da ƙarfi, wuri ne da za ka ga kamar ya fi ko'ina lafawa, babu kumfa, ashe nan ne makashin. Masunta sun ce in ya ja ka kada ka yi kokawa da shi kana neman tudu kai tsaye, ka yi iyo ta gefe har ka fita daga bakinsa. Na riƙe karatun, amma ban da niyyar zana jarrabawar.

Ni fa mutumin Kura ne. Ruwan da na tashi na sani shi ne na kanal ɗin noman rani, sai ranar da aka kai mu Tiga muna 'yan makaranta, na dawo ina ba da labari mako guda. A 2011 na fara ganin teku, a cikin motar da ta ɗauko mu daga Legas. Mun wuce Kwatano da dare ina barci. Gari na wayewa muka shiga Lome, inda titin ke bin gaɓa har iyakar Aflao, na buɗe ido na ga ruwa ya haɗe da sama, babu tsallake. Na kama kujerar gabana da hannu biyu. Wata 'yar kasuwa da ke kusa da ni ta yi ta dariya har da hawaye.

Kawuna ne ya kira ni in taya shi harkar albasa. Na ce wa Inna shekara biyu zan yi, in haɗa jari in dawo. Akwatin ƙarfen da na zo da shi, na fi shekara goma ban yarda an sa shi a ƙarƙashin gado ba, yana bayan ƙofa. Uwargida ta gaji da magana ta mayar da shi wurin ajiye tukwane.

Mu hau gada. Ku toshe hanci, ko da yake ta waya ba ya zuwa muku, kun huta. Wannan baƙin ruwan shi ne Korle, nan yake shiga teku, duk dattin garin ta nan yake biyowa. In kuka bi shi da ido can sama inda hayaƙi ke tashi, wajen Agbogbloshie ke nan. Shekara goma ina da rumfa a can. Da ƙafa nake zuwa daga gida, in dawo in ci tuwon rana, in koma. Tirela ta iso daga Galmi ko daga gida, 'yan dako su sauke, 'yan matan nan masu ɗaukar kaya a ka, da ake kira kayayo, su bi masu saye da tasa. Kun ji kalmar ai, rabinta namu ne. A Yulin 2021 hukuma ta tashi kasuwar albasa gaba ɗaya, aka mayar da mu Adjen Kotoku, can bayan Amasaman a hanyar Nsawam. Filin yana da faɗi, ba a musu. Sai dai tafiyar minti ashirin a ƙafa ta koma awa biyu a mota in an samu cunkoso, zuwa kawai. Matan da ke sayen rabin buhu a hannuna su kasa a unguwa, da yawa ba su bi mu ba, kuɗin mota ya fi ribar.

Muna cikin lallaɓa wannan sai aka yi juyin mulki a Nijar a ƙarshen Yulin 2023, aka rufe iyakoki. Ina da kaya a tirela biyu, haɗin gwiwa da wasu mutum uku, suka maƙale a hanyar gadar Gaya. Ga damina, ga tamfol a rufe. Albasa kuwa ba ta san siyasa ba, numfashi take so. Kwana na goma sha wani abu direban ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Bai ce uffan ba, ya dai nuna ƙarƙashin motar. Wani baƙin ruwa ne ke ɗiga ta tsakanin katakai, ɗis, ɗis, ƙudaje sun yi masa rumfa. Na kalla sau ɗaya na kife wayar. Rabin kuɗin ba nawa ba ne.

Bayan nan ne barci ya ƙaurace mini. Ƙeya ta riƙa sara, in na sunkuya ɗaura takalmi in ji kunnena yana bugawa. Uwargida ce ta tasa ni gaba zuwa wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar ta ɗaura mini abin awo, ta duba, ta kwance, ta canja hannu, ta sake dubawa, sannan ta ce in zauna kada in tashi. 170 bisa 105. Lafiyayye wajen 120 bisa 80 ake so, daga 140 bisa 90 an shiga hawan jini. Likita ya rubuta ƙwaya ɗaya kullum, ya ce a rage gishiri da dunƙulen miya, ya kuma ce in samu minti 150 a mako ina motsa jiki, wato rabin awa sau biyar. Tafiya ma ta isa, in ji shi. Ni ne dai na ga tafiya tana bar wa kaina sarari ya ci gaba da lissafin bashi. In ina haki kuwa, ba abin da ke cikin kaina sai numfashi na gaba.

Da turakun wutar lantarki na fara. In yi sassarfa daga wannan zuwa wancan, in taka biyu a hankali, in sake. Ƙwaurina ya yi ciwo kamar an doke ni da taɓarya. A watan da na fara, Oktoban 2023, wani yaro ɗan Kenya, Kelvin Kiptum, ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 da ɗoriya a Chicago cikin awa 2 da daƙiƙa 35, kowace kilomita ƙasa da minti uku. Ni ina cin minti tara a guda, ina neman wurin zama. Wata huɗu bayan nan ya mutu a haɗarin mota yana da shekara 24. Na daɗe ina tuna yaron nan, ban san dalili ba. Yanzu dai ina yin kilomita takwas, sau uku a mako, minti bakwai-bakwai. Kuma don Allah, masu irin lalurata, ƙwayar nan ban daina sha ba. Kada wani ya ce Alhaji na Akra ya ce gudu ya maye gurbin magani. Ka ga likita tukuna kafin ka ɗaura takalmi.

Ku matsa, ku matsa, ga su nan. Kun ga yadda suka wuce ni kamar ina tsaye? Yaran Bukom ne, unguwar da ke bayan gidajen can. Mu muna da dambenmu na gargajiya, a naɗe hannu ɗaya da zare, su kuma na Turawa suka riƙa, kusan kowane lungu akwai wurin horo. Nan ne Azumah Nelson ya samo damben da ya kai shi ga kambun duniya a 1984, Ike Quartey ma ɗan nan ne. Na bayan can mai jar hula shi ne malamin gwiwata. "Ojekoo!" Barka da asuba ke nan da yaren Ga, 'yan asalin garin Akra. Shekara goma sha huɗu, abin da na tara bai fi kalma ashirin ba, abin kunya.

Ga hasumiyar Jamestown, mai ja da fari. Yanzu ku dubi ƙasa, ku ga abin da ya sa na ce Talata. Duk jiragen suna kan tudu. Masuntan Ga ba sa shiga teku ran Talata, al'ada ce tun kakanni, ranar hutun ruwa ce. Sauran ranaku in ka zo war haka ba ka jin maganar na kusa da kai, ga ƙarar inji, ga mata da manyan tasoshi ana cinikin kifi. Yau sai ɗinkin raga.

Bari mu gaida Ataa, wato baba da yarensu. "Ataa, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?" Yana jin Hausa tsaf, ya yi zama da mutanenmu a unguwar Tudu yana saurayi. Ku dubi hannunsa. Ya maƙale ragar da babban yatsan ƙafa, ya ja ta ta miƙe, allurar roba tana shiga tana fita, ko kallon ta ba ya yi. Tafin hannun nan kamar ƙirgi. Jirgin da ya jingina da shi, gindinsa gungume guda ne aka fafe, daga dajin can ciki ake kawowa. Ran da na tambaye shi sunan itacen ya ce mini "wawa", na ɗauka zagina ya yi. Ashe sunan bishiyar ke nan a nan ƙasar.

Shi ma an taɓa shi. Wancan ginin da katangar da ta shiga cikin ruwa, sabuwar tashar masunta ce da 'yan Sin suka gina, aka buɗe a 2024. Kafin a fara aikin an rushe rumfunan da ke wurin, har da inda ya yi shekaru yana ajiye injinsa. Na taɓa zama ina yi masa ƙorafin an tashe mu daga kasuwa. Ya saurare ni har na gama, bai daina ɗinki ba, sannan ya nuna mini wani wuri da haɓa, can inda igiyar ruwa ke fashewa. Ya ce yana yaro a nan suke buga ƙwallo.

Wancan tsohon ginin mai kaurin bango James Fort ne, Ingilishi suka gina shi a 1673, aka yi cinikin bayi a ciki, daga baya ya zama kurkuku. A nan aka tsare Kwame Nkrumah a 1950. Yana ciki aka yi zaɓe ya ci, a Fabrairun 1951 aka buɗe masa ƙofa ya fito ya kama ragamar gwamnati. Kullum sai na wuce ta nan.

Bari in zauna a kan dutsen nan, akwai maganar da nake ta kewaye-kewaye ban faɗa ba.

A nan na zauna ranar da Baba ya rasu. Damina ce, 2020, lokacin korona. Gana ta rufe iyakokinta tun Maris, sama da ƙasa, jirgi bai dawo tashi ba sai Satumba, ta ƙasa kuwa sai 2022. Ƙanena ya kira ni da hantsi, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ko da hanya a buɗe take ba zan riski jana'iza ba, na sani, amma ko zaman makoki ban samu ba. Mutanen zango sun yi mini kara, Allah ya saka musu, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku. Da yamma na sulale na taho nan, don nan ne kaɗai wurin da namiji zai yi kuka da ƙarfi ba wanda ya ji.

Da na samu zuwa gida daga baya, sai na tarar ana yi mini irin tarbar da ake yi wa baƙo. A shimfiɗa mini darduma, a yanka kaza, yara su leƙo su gudu. Abokaina na kanal, wani yana Abuja, wani yana Saudiyya, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Ginin da na fara a filina tun 2015 yana nan iya taga, ciyawa ta fito a ɗakin da na ce na Inna ne. 'Yata ta fari, wadda aka haifa a nan, ta buɗe baki ta ce, "Mma ya tafi kasuwa," 'yan'uwanta suka fashe da dariya suna kwaikwayonta. Hausar zango ke nan, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne. Yarinyar ta yi shiru har muka baro garin. A mota ta ce mini, "Baba, yaushe za mu koma gida?" Akra take nufi.

Ana cewa baƙo raɓa ne. To ni raɓar tawa ta kai azahar ba ta bushe ba. Unguwar da nake zaune ma ai haka ta samu. Malam Bako, wanda mahaifinsa ya zo daga Katsina, shi ya nemi fili wurin sarakunan Ga ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Jikokin waɗanda suka biyo shi ga su nan, kakanninsu ma da niyyar komawa suka zo, fataucin goro ne ko aikin soja ya kawo su.

Ban yanke shawarar a zaune ba. A kan yashin nan ta zo mini, kaɗan-kaɗan, cikin watanni, ina haki. Da azumin bana na kira ƙanena na sayar masa da filin Kura da ginin da ke kai. Na biya sauran bashin albasa. Abin da ya rage na haɗa da na adashe na sayi 'yar ƙasa kusa da Amasaman, na yi ciki da falo da ɗakin yara. Dama kuɗin haya ya ishe ni. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida a gaba, amma je ka nemi ɗaki a Akra ka faɗi haka, na shekara biyu za a ce ka ajiye. Da na gaya wa Inna ta waya, na shirya jin faɗa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Dama kai kaɗai ne ba ka sani ba. Allah ya sa albarka. Ka dai riƙa turo mini yaran da hutu."

Ƙarshen watan nan za mu tashi. Kasuwa za ta dawo kusa, in riƙa cin tuwon rana a gida kamar da. Amma can babu teku. Jar ƙasa ce da tudu da gangare, da ƙurar manyan motoci. Na lissafa, gudu biyar ya rage mini a nan, har da na yau. Akwatin ƙarfen ma za a tafi da shi, uwargida ta ce tukwanenta sun saba da shi.

Rana ta fito, kun ga yadda ruwan ya koma kamar an zuba masa manja. Mu je mu karya, yau ba zan koma da gudu ba, gwiwar ta fara yi mini magana.

"Mma, ina kwana? A zuba mini koko, kada a sa sukari. Ƙosai na sidi biyar." Kokon gero ne, da citta da kanumfari da barkono, yana kama maƙogwaro. Duk Gana sunansa Hausa koko, ko wace ƙabila ce ke sayarwa. "Mma, na gaya miki kuwa? Ƙarshen wata za mu tashi, Amasaman za mu koma." Kun ji abin da ta ce? Wai can ma akwai masu koko, amma nasu ruwa ne, zan dawo da ƙafata. Ta ƙara mini ƙosai biyu.

Ga trotro can yaron motar yana kiran Kaneshie, ita zan bi in sauka a hanya. Batir ya nuna ja. Ran Alhamis in Allah ya kai mu ruwa zai janye a makare, don haka ta titi zan bi, in nuna muku wajen Chorkor inda ake banda kifi. "Tsaya, tsaya, mutum ɗaya!"